Injin Niƙan Manhaja: Abin da Allon Sa Ido na Debian Ke Gani da Abin da Ke Wuce Shi

Mai karatu, in ka taɓa buɗe Wikipedia ta Hausa a wayarka, ko kana zaune a Gagarawa Tasha, ko Gumel, ko tsakiyar kasuwar Maigatari ranar Alhamis, shafin da ya bayyana gabanka ya taso ne daga wasu manyan kwamfutoci da ke aiki da wata babbar manhaja mai suna Debian. Ba ka saye ta ba, wataƙila ma yau ka fara jin sunanta, amma ka riga ka ba ta amana. Haka ɗalibin da ya ɗora Ubuntu a kwamfutarsa a Kazaure ko Dutse, da saurayin da ya sauke Kali don koyon tsaron intanet: dukansu biyun daga tsatson Debian suka fito.

Wani ɗalibi Ba'amurke mai suna Ian Murdock ne ya assasa ta a watan Agustan 1993, kuma har gobe 'yan sa-kai ne ke riƙe da ita. Buɗaɗɗiyar manhaja ce, wato rubutun da aka gina ta da shi a fili yake, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya raba. Daga nan wata magana ta samo asali, wadda za ka ji a bakin malaman kwamfuta da ɗalibansu: wai tunda kowa na gani, ba mai iya ɓoye mugun abu a ciki. Rabin maganar gaskiya ne. Matsalar ita ce abin da kowa ke iya karantawa daban, abin da ke sauka a kwamfutarka daban, kuma a tsakaninsu akwai wasu injina. Wannan sharhi a kan gadin injinan nan yake: me masu gadin ke dubawa, ina suka yi abin yabo, ina kuma idonsu bai kai ba.

Hatsi daban, gari daban

Mai rubuta manhaja da yaren da ɗan'adam zai iya bi yake rubutu, irin su C ko Rust. Mu kira wannan rubutun tushe. Ita kuwa kwamfuta ba ta jin wannan yare, sifili da ɗaya kawai ta sani. Don haka sai an ba wata manhaja, wadda ke aikin tafinta, ta juya rubutun ya koma abin da ƙwaƙwalwar na'ura za ta iya aiwatarwa. In an juya, sai a ɗaure shi wuri guda da bayanansa, shi ne ƙunshi. Debian na da irin wannan ƙunshi fiye da 60,000.

Ɗauki misalin injin niƙa. Ka auno geronka mudu biyar, an sheƙe, an tsince tsakuwa, kowa ya gani ya shaida mai kyau ne. Ka aiki yaro ya kai inji. Abin da zai dawo maka da shi gari ne. A gero ido na iya raba ƙwaya da tsakuwa, to a gari fa? In mai inji ya rage maka rabin mudu ya cike da wani abu, ko ragowar niƙan wani ta bi naka, da wuya ka gane sai an kai baki, wani lokacin ma ko an kai. Rubutun tushe shi ne geron, ƙunshin da kake saukewa shi ne garin. Masu cewa kowa na gani, geron suke nufi. Kai kuwa gari kake ci.

Yadda layin niƙan yake

A Debian, injinan niƙan wasu kwamfutoci ne, uwar garke, da ake kira buildd. Suna ajiye a jami'o'i da cibiyoyin adana bayanai na masu ba da gudummawa a ƙasashe daban-daban, ba su da aiki dare da rana sai haɗa ƙunshi. Dole su yi yawa, domin ƙwaƙwalwar kwamfuta iri-iri ce, kowace da garin da take ci. Akwai amd64 ta galibin kwamfutocin ofis da na cinya, akwai arm64 dangin ƙwaƙwalwar wayarka, akwai s390x ta manyan injinan IBM, akwai riscv64 da ta shiga sahu a hukumance da fitowar Debian 13 a watan Agustan 2025. Rubutu ɗaya, niƙa kala-kala.

Akwai wani kundi mai suna wanna-build, shi ne magatakardan layi. Da zarar mai kula da wani ƙunshi ya turo sabon rubutu, kundin zai shigar cewa wannan na jiran niƙa. Injin da hannunsa ba kowa sai ya ɗauka, ya shiga da shi wani keɓantaccen ɗaki da manhajar sbuild ke shiryawa, wanda ba komai a cikinsa sai kayan aikin da ƙunshin ya ce yana buƙata. Dokar Debian ta hana ƙunshi ya miƙa hannu intanet ya ɗebo wani abu ana tsakar haɗa shi. In an gama lafiya, a sa hannu a tura rumbu. In ya ƙi, a rubuta ya gaza. In wani ƙunshin da ya dogara da shi bai iso ba, a rubuta yana jira. Ƙaramin ƙunshi minti ɗaya ya ishe shi, manya irin su LibreOffice ko Chromium sukan cinye sa'o'i masu yawa.

Duk wannan ana nuna shi a shafin buildd.debian.org. Ka rubuta sunan ƙunshi, jadawali ya fito maka, kowane nau'in ƙwaƙwalwa da layinsa: wannan ya shiga rumbu, wancan ya gaza, wancan na jira. Akwai zane mai nuna tsawon layi a kowane nau'i. A ƙarƙashin wannan kuma akwai rukunin masu kula da kwamfutocin kansu, da manhajojin sa ido irin su Nagios da Munin, masu ƙara in ma'adanar wani inji ta cika ko ya daina amsa kira. Wannan duka shi nake kira allon sa ido.

Inda suka cancanci jinjina

Kafin suka, a ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Kowane niƙa da aka yi ana ajiye cikakken rahotonsa, layi bayan layi: wane inji, wane lokaci, wane tafinta, wane gargaɗi ya fito. Mutumin da ke Sule Tankarkar da datar ɗari biyar zai iya buɗewa ya karanta ba tare da ya nemi iznin kowa ba. Je ka tambayi kamfanin da ya yi manhajar bankin da ke wayarka ya nuna maka irin wannan, ka ji amsar da za a ba ka.

Na biyu, akwai dokar 2019. Kafin nan, mai kula da ƙunshi na iya niƙa shi a kwamfutar ɗakinsa ya turo garin kai tsaye, a raba wa duniya. Ko mutumin kirki ne, wa ya san abin da ke cikin kwamfutarsa? Bayan fitowar Debian 10 a watan Yulin 2019, masu kula da fitar da manhajar suka ce ƙunshin da ba injinan buildd ne suka haɗa shi ba, ba zai wuce zuwa mataki na gaba ba. Wannan ya toshe ɗaruruwan ƙofofi. Sai dai ka lura, ya kuma tattara amanar gaba ɗaya ya jibge a kan injinan.

Na uku, rashin gaggawa. Sabon ƙunshi yakan fara sauka ne a rukunin gwaji na farko, in ya kwana biyu ba a ga aibu ba ya wuce na biyu, sannan kusan duk bayan shekara biyu a fitar da tsayayyen bugu wanda jama'a ke amfani da shi. Masu son sabon abu na yi wa Debian dariyar tafiyar hawainiya. Nan gaba kaɗan za ka ga ranar da tafiyar hawainiyar ta yi rana.

Kuma sa idon ya taɓa kama ɓarawo. A watan Nuwamban 2003 'yan dandatsa sun kutsa cikin kwamfutoci huɗu na Debian. Wata manhaja mai lura da ko an taɓa muhimman fayiloli ta yi ƙara, aka rufe injinan, aka bincika rumbun, aka tabbatar ba a taɓa shi ba, aka kuma fito aka gaya wa duniya abin da ya faru.

Littafin mai tasha

To, ina gizo ke saƙar? Gagarawa Tasha ta samo sunanta ne daga tashar jirgin ƙasa ta layin Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, lokacin da gyaɗa ke tashe. Ka yi tunanin littafin mai kula da irin wannan tasha. Jirgi ya iso ƙarfe kaza, taragu kaza, ya tashi ƙarfe kaza. Littafi ne mai amfani, ba shi jirage sai su yi karo. Amma ko buhunan da ke cikin taragun gyaɗa ce zalla ko an yi mata algus da yashi, wannan ba ya cikin littafin. Mai saye ne ke zuwa da ƙarfensa ya soki buhu ya ɗebo ya duba.

Allon sa ido na buildd littafin mai tasha ne. Tambaya uku yake amsawa: injin na da rai? Niƙan ya ƙare? Layi ya yi tsawo? Tambayar da ta fi damunka, wato ko garin na da lafiya, ba ta cikinsu. Haɗarin kuwa shi ne idon ɗan'adam in ya ga komai kore, zuciya sai ta kwanta.

Ga misali daga cikin gida. A watan Satumban 2006 wani gyara ya shiga ƙunshin OpenSSL na Debian, manhajar da ke ƙera makullan sirri. An cire wasu layuka ne don a kashe wani gargaɗi da manhajar binciken kurakurai mai suna Valgrind ke yi. Ashe layukan na cikin abin da ke sa makullin kowa ya fita daban da na kowa. Sai ya zama makullan da za su iya fitowa, a kowane nau'i, ba su kai 33,000 ba, adadin da kwamfuta za ta gwada duka cikin ɗan lokaci. Kamar a ce maƙerin gari ya yi ta sayar da kwaɗo, ashe 'yan makullai kaɗan ne ke buɗe su duka. Sai a watan Mayun 2008 wani ɗan Ajantina, Luciano Bello, ya gano. Kusan wata 20 ƙunshin na haɗuwa lafiya lau a kowane inji.

Misali na biyu daga wajen buɗaɗɗiyar manhaja ne, amma shi ne ya nuna abin da ɓarawon zamani ke hari. A watan Disamban 2020 aka gano an kutsa kamfanin SolarWinds na jihar Texas a Amurka. Masu kutsen ba su taɓa rubutun tushen da ke ma'ajiya ba. Injin niƙan suka shiga, suka dasa wata manhaja da ke laɓe tana jira. Da an fara haɗa manhajar Orion sai ta musanya fayil ɗaya da nata, in an gama ta mayar da na asali. Garin ya fito da hatimin kamfani na gaskiya, abokan ciniki kimanin 18,000 suka sauke, ciki har da ma'aikatun gwamnatin Amurka. Abin dariya abin takaici, Orion ɗin ita kanta manhajar sa ido ce.

Ka riƙe wannan batu na hatimi. Debian ma na sa hannun sirri a rumbunta, kwamfutarka na dubawa kafin ta karɓa. Abu ne mai kyau. Amma hatimi shaidar inda kaya suka fito ne kawai. In an yi algus kafin a ɗinke buhu, hatimin zai hau kan algus ɗin.

A niƙa sau biyu

Mutanen Debian sun san da wannan giɓi, kuma tun 2013 wasu daga cikinsu suka fara aikin da ake kira Reproducible Builds, bayan masu Bitcoin da masu Tor sun nuna abin zai yiwu. Tunanin mai sauƙi ne. In rubutu ɗaya ne, kayan aiki ɗaya, to duk wanda ya niƙa, ko'ina yake, ya kamata ya sami gari iri ɗaya sak, ba bambancin ko ɗigo. A raba geron biyu, a kai rabi injin Gagarawa, rabi injin Gumel, a kwatanta. Garin gaske ba ya taɓa fitowa ɗaya haka, amma na kwamfuta na iya yi. Ana ma iya taƙaita kowane fayil zuwa wata lamba mai haruffa 64, ana ce mata SHA-256, wadda take kamar zanen yatsa: canza ɗigo ɗaya a fayil, lambar ta sauya gaba ɗaya. In lambobin injina biyu da ba su san juna ba suka zo ɗaya, to ko dai ba a yi algus ba, ko kuma sai ɓarawon ya shiga duka biyun.

Aikin ya ci shekaru, domin manhajoji da dama na da ɗabi'ar cusa abin da ba a tambaye su ba a cikin gari: ranar da aka niƙa, sunan mai niƙan, sunan ɗakin da aka yi, ko su jera fayiloli yadda suka ga dama. Sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Aka ƙirƙiro manhajar diffoscope mai tona ƙunshi biyu ta nuna daidai inda suka saɓa. A 2017 dokar Debian ta ce ya kamata kowane ƙunshi ya zama mai maimaituwa, kuma yanzu fiye da kashi 90 cikin ɗari sun zama haka. A ganina wannan shi ne aiki mafi daraja da aka yi a wannan fage.

Duk da haka akwai abin cewa. Kalmar dokar ta 2017 shawara ce, ba wajibi ba, kuma ƙunshi ɗaya da ya rage ya isa ya zama ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sannan shekara da shekaru babban gwajin da ake nunawa shi ne a niƙa sau biyu a injinan gwaji, a kwatanta garin biyu da juna. Wannan na nuna ƙunshin zai iya maimaituwa, amma bai taɓa buhun da aka raba wa jama'a ba. Sai a ƙarshen 2024 aka buɗe shafin reproduce.debian.net, inda ake sake niƙawa a kwatanta da ainihin abin da ke cikin rumbu. Lambar kashi kaza cikin ɗari da aka daɗe ana alfahari da ita, amsar wata tambaya ce daban da wadda mai amfani ke yi.

Akwai kuma tambayar da Ken Thompson, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Unix, ya tayar a laccar da aka buga a 1984: shi tafintan wa ya niƙa shi? Wani tafinta ne da ya gabace shi. Ya nuna ana iya dasa mugun abu a cikin tafinta ya riƙa gadar da shi ga 'ya'yansa, ba tare da ya bayyana a rubutun kowa ba. In duka injinan biyu tafinta ɗaya suke amfani da shi, garinsu zai zo ɗaya, kuma duka gurɓatattu. Masu manhajar Guix sun nuna mafita a 2023, inda suka gina tsarinsu tun daga wani ɗan iri mai girman bayit 357, wanda mutum zai iya zama ya duba da idonsa. Wannan hanya ba ta zama gama-gari ba tukuna.

Algus tun daga buhu

Yanzu ga labarin da ya gwada duk wannan gadi lokaci guda. Akwai wata ƙaramar manhaja mai suna xz, aikinta matse fayiloli su rage girma, kuma kusan kowace kwamfuta mai Linux na ɗauke da ita. Mutum ɗaya, Lasse Collin, ya yi shekaru yana kula da ita kyauta a lokacin hutunsa. A 2021 wani mai kiran kansa Jia Tan ya fara turo gyare-gyare masu kyau. Can sai wasu sunaye da ba a san su ba suka fara matsa wa Collin lamba, suna cewa aiki ya tsaya, ya nemi mataimaki. Shi kuwa ya faɗa a fili cewa ya gaji. A hankali Jia Tan ya zama abokin riƙo, har ya kai shi ke fitar da sabon bugu. Da ɗan gari akan ci gari.

A bugu na 5.6.0 na watan Fabrairun 2024 da 5.6.1 na watan Maris, ya dasa ƙofar baya. Duba wayon da aka yi. Mugun abin an ɓoye shi cikin fayilolin gwaji, waɗanda aka ce da gangan aka lalata su don a gwada yadda manhajar za ta yi da lalataccen fayil, saboda haka ba wanda ya yi mamakin ba su karantuwa. Makunnin da ke tayar da shi kuwa ba ya cikin ma'ajiyar da jama'a ke dubawa, sai a cikin damin da ake ba masu haɗa ƙunshi, a tsakiyar tarin rubutun da na'ura ke samarwa wanda ba mai karantawa. Sannan makunnin na dubawa: ƙunshin Debian ko na dangin Red Hat ake haɗawa? In e, sai ya tashi. Wato an auna shi ne daidai wuyan injinan niƙa. Manufarsa ita ce SSH, ƙofar da masu kula da uwar garke ke bi su shiga daga nesa.

Injinan buildd suka niƙa shi da amana, allo ya nuna kore, hatimi ya hau. Ko da an niƙa sau goma a ƙasa goma, garin ɗaya zai fito, domin tsakuwar tun a buhu take. Ya shiga rukunan gwaji na Debian da Fedora, ya shiga Kali na 'yan kwanaki.

Wa ya kama shi? Wani injiniya Bajamushe, Andres Freund, mai aiki a Microsoft a kan manhajar PostgreSQL. Yana auna saurin aikinsa ne ya lura SSH na cin ƙarfin kwamfuta fiye da kima, tana kuma jinkirin kusan rabin sakan. Da wani ne sai ya ce ai netwok ne. Shi ya bi diddigi, ranar 29 ga Maris 2024 ya sanar. Tsayayyen bugun Debian ya tsira saboda tafiyar hawainiyar nan. Masu Ubuntu kuwa suka ɗage bugun gwaji na 24.04 da mako guda, suka zubar da duk abin da aka niƙa tun ƙarshen Fabrairu, suka sake niƙawa a sababbin injina. Wannan mataki kaɗai ya isa ya gaya maka cewa su kansu ba su ɗauki koren allo shaida ba.

Kura da shan bugu

Babbar sukata ga tsarin ita ce ya iya auna ƙarfe, bai iya auna mutum ba. Allon zai gaya maka ma'adanar wani inji ta kusa cika. Ba shi da layin da zai ce wannan ƙunshi da miliyoyin kwamfutoci suka jingina da shi mutum ɗaya ne ke riƙe da shi kuma ya gaji, ko wanda ya sa hannu a bugun bana ba shi ne na bara ba, ko damin da aka karɓa ya saɓa da ma'ajiyar da jama'a ke gani. Waɗannan duka abubuwa ne da na'ura za ta iya ƙirgawa ta nuna, kuma su ne suka buɗe wa Jia Tan hanya.

Laifin bai tsaya kan 'yan sa-kai ba. Manyan kamfanoni na tara dukiya a kan gumin irin su Collin, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Jamus ta fara gane haka, ta kafa asusun Sovereign Tech Fund a 2022 don biyan masu kula da irin waɗannan manhajoji. Sannan kwatanta gari ba ya da ƙarfi sai masu niƙan sun zama mutane daban, a ƙasashe daban, ƙarƙashin dokoki daban. Galibin wannan aiki a Turai da Arewacin Amurka ake yin sa. Afirka ba baƙuwa ba ce a Debian: an yi babban taronta a Cape Town a 2016, kuma ɗan Afirka ta Kudu, Jonathan Carter, ya shugabance ta daga 2020 zuwa 2024. Amma mu a nan har yanzu masu cin gari ne.

Mu a nan fa?

Kada ka ce wannan rigimar Turawa ce. Irin wannan gari na yawo a aljihunmu. GBWhatsApp da 'yan'uwanta, da ake tura wa juna ta Xender a shagon caji, manhajoji ne da wani da ba ka sani ba ya kwance ya sake ɗinkewa. A 2021 kamfanin tsaro na Kaspersky ya gano muguwar manhajar Triada a cikin wani bugu na FMWhatsApp, mai iya karanta saƙonnin waya ta kuma yi wa mutum rajistar abin da zai riƙa cin kuɗinsa. Ka tuna ta saƙon waya banki ke turo maka lambar sirri. Haka manhajar da mai gyara ke ɗora wa wayarka in ya yi mata filashin: tambaye shi daga ina ya sauke.

Abin da ke hannunka ba shi da wuya. Sauke manhaja daga rumbun masu ita, ko ba komai ka san injin da ya niƙa. In za ka ɗora Debian ko Ubuntu, kwatanta lambar SHA-256 ta fayil ɗin da wadda suka wallafa kafin ka fara. In kwamfutar aiki ce, ta asibiti ko makaranta ko shago, tsaya kan tsayayyen bugu, ka riƙa karɓar gyaran tsaro. In manhaja biyu suka zo maka daidai, fifita wadda wani zai iya sake niƙawa ya tabbatar. Signal ta Android ta buɗe wannan hanya tun 2016.

Sai kuma abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Manoman zoɓo na Maigatari da Gagarawa sun ga darasin da idonsu lokacin da Meziko ta dakatar da sayen zoɓon Nijeriya saboda ƙwaron da ta samu a cikin kaya: mai saye da ya san ciwon kansa buhu yake buɗewa, ba ya tsayawa kan takarda. Jigawa na da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya ta Ɓaɓura, da cibiyar koyon kwamfuta ta Kazaure. Manhajar sake niƙa, rebuilderd, kyauta ce. Abin da ake buƙata 'yan kwamfutoci ne, da sola mai riƙe wuta, da intanet mai ɗorewa, kuma ba dole a niƙa duka 60,000 ba, ana iya fara da waɗanda hukumominmu suka fi dogara da su. Ɗalibin ajin ƙarshe da ya ɗauki ƙunshi ɗaya da ya ƙi maimaituwa, ya gano dalili, ya tura gyara aka karɓa, ya yi aikin da duniya za ta ci moriyarsa da sunansa a jiki. Hukuma irin NITDA kuwa, kuɗin taro ɗaya a otal zai iya tsayar da irin wannan ɗaki.

Hukuncina a kan allon sa ido na Debian shi ne: ya cika aikin da aka yi shi dominsa, kuma a fili yake yin sa, abin da kamfanoni da yawa ba za su iya ba. Kuskuren na wanda ya karanta kore ya fassara shi da lafiya ne. In ka sami data yau, buɗe buildd.debian.org, rubuta xz-utils, ka duba layukan nan. A watan Maris na 2024 ma haka suke.